Sauti da kunne: daga kiran asuba zuwa injin niƙa

Abu Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin kimiyya. Tun da sanyin nan ya shigo, da asuba nakan ji kiran salla daga masallatan da ban san ana jin su a unguwarmu ba, wasu can nesa, kuma muryar na fitowa tas. Da azahar kuwa sai na masallacin layinmu kaɗai. Lasifikan dai su ne, ladanan ma su ne. To me ke canzawa?

Zayyanu Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam. Yaya Abu, ai wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Da asuba gari shiru yake, babu kabu-kabu, babu janareta, babu injin niƙa. Da rana hayaniya ce ke danne shi.

Malam Sani Fiziks: Wa alaikumus salam. Zayyanu ya kama rabi, don shirun gari na taimakawa ƙwarai. Amma asubar watan Afrilu ma ai shiru ce, Abu kuwa ya ce tun shigowar sanyi abin ya ƙaru. Akwai wani dalili a cikin iskar kanta.

Mu faro daga tushe. Ɗora yatsunka a maƙogwaro ka ja murya. Karkarwar da ka ji a yatsun ita ce asalin sauti. Duk abin da ya yi ƙara, to wani abu ne ke girgiza, ko fatar ganga, ko tsirkiyar goge, ko faifan da ke cikin sifika. Abin da ke girgizar yana tura iskar da ke jikinsa, ita kuma ta tura ta gabanta, haka har turin ya iso kunnenka. Iskar bakin ladan ba ta taso ta zo Mabera ba. Kamar mutane ne a layi, na baya ya yi turi, turin ya kai ga na gaba alhali kowa na nan inda yake tsaye.

Wannan turi yana da gudun da aka auna. In zafin iska digiri 15 ne, irin na asubar hunturu, yana cin wajen mita 340 a sakan ɗaya. In digiri 40 ne, irin na ranar bazararmu, wajen mita 355. Ka ga iska mai zafi ta fi saurin kai sauti. To da rana ƙasa ke ɗaukar zafi, iskar da ke daf da ita ta fi ta sama zafi, sai ɓangaren sautin da ke ƙasa ya riga na sama gudu, tafiyar ta lanƙwasa ta yi sama. Kiran ya wuce ta saman kanka. Da daddare a lokacin sanyi, sarari babu gajimare, ƙasa na sakin zafinta da wuri. Kafin asuba iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi na bisanta. Yanzu ɓangaren sama ne ke riga na ƙasa, sai sautin da zai ɓace a sama ya lanƙwaso ya sauko a unguwa mai nisa. Abin da kake ji ke nan, Abu.

Zayyanu Ɗan Jami'a: Malam, na ji bayanin, amma da saura. In dole sai da iska, yaya 'yan sama jannati ke magana da mutanen duniya? Kuma ni na lura in iska na kaɗawa daga wajen mai kira zuwa wajena na fi ji. Wannan bai nuna iskar ce ke ɗauko muryar ta kawo ba?

Malam Sani Fiziks: 'Yan sama jannati da rediyo suke magana, igiyar rediyo kuwa dangin haske ce, ba ta buƙatar iska. Na'ura ke mai da murya igiyar rediyo, wata na'urar ta mai da ita murya a inda akwai iska. Tun 1660 wani masani a Ingila, Robert Boyle, ya rataya agogo a cikin tulun gilas, ya zuƙe iskar da famfo. Yana ganin agogon na aiki amma ƙararsa ta ɓace, da ya mai da iska ta dawo. Sai dai ba iska kaɗai ke kai sauti ba. A ruwa yana cin kusan mita 1,500 a sakan, a ƙarfe wajen mita 5,000.

Batun kaɗawar iska kuwa, gudunta ɗan kaɗan ne in an gwada da mita 340, don haka ɗaukowar da take yi ba ta taka kara ta karya ba. Aikinta na gaske lanƙwasa ne. Iskar sama ta fi ta ƙasa gudu saboda gidaje da itatuwa na tare ta ƙasa, to in tana nufo ka sai ta danno sautin ƙasa, in tana barinka ta ɗaga shi sama. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, mutumin da ke kudu maso yamma da masallaci zai fi mai zama arewa da shi ji.

Alhaji Buba Kanwuri: Salamu alaikum ɗiyana, ina biye da ku. Malam Sani, Allah shi yi maka albarka, ga tawa. Mu da munka tashi kusa da gidan Sarkin Musulmi, kunnenmu ya saba da kakaki da algaita da tambari. Mi as sa kakaki ad da murya kakkaura, algaita kuwa siririya? Kuma ƙaƙa kalangu ka magana, har mutum shi ji kirarinai shi tashi tsaye?

Malam Sani Fiziks: Amin Baba, ranku ya daɗe. Kauri da sirantar murya daga yawan girgiza suke. In abu ya girgiza sau kaɗan a sakan, sauti ya fito kakkaura, in sau da yawa ya fito siriri. Kakaki dogo ne, ya fi mutum tsawo, iskar da ke cikinsa na ɗaukar lokaci kafin ta kai ta komo. Algaita gajeriya ce, tata iskar na kaiwa da komowa da sauri. Muryar namiji in yana magana wajen sau 120 ce a sakan, ta mace wajen 200 ko fiye, don tantanin muryarta ya fi gajarta da sirantaka. Kunnen yaro mai lafiya na kama daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Abin da ya wuce haka ba mu ji, amma jemage na ji, da shi yake gane hanya cikin duhu, kuma irinsa ake amfani da shi a asibiti wajen ɗaukar hoton cikin mai juna biyu.

Kalangu kuwa, in makaɗi ya matse igiyoyin da hammatarsa fata ta ɗame, ta girgiza da sauri, sauti ya hau. In ya saki ya sauka. Hausa harshe ne da ke da hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, to makaɗi na bin wannan hawa da sauka tare da tsawon gaɓoɓin. Baƙaƙe da wasula ba sa fita daga kalangu, Baba. Kunnen da ya riga ya san kirarin ne ke cike su, shi ya sa baƙo zai ji kiɗa kawai, ku kuwa ku ji magana.

Sai wani abu da ya shafi tambari. Iska ta fi shanye siririn sauti a kan kakkaura, don haka kakkauran ne ke kai nesa. Aradu in ta faɗi kusa tsagewa take yi, in daga nesa ce sai cida kawai a ji. In damina ta zo ku ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, kowane sakan uku kilomita ɗaya ne.

Maman Halifa: Masha Allah, yau zaure ya zama aji. Ni tawa tambayar ta saƙon murya ce. In na tura na sake saurare sai in ji muryar ba tawa ba ce, ta yi siririya. Amma kowa ya ce haka nake magana.

Anti Luba Nas: Maman Halifa, gaskiya suka gaya miki, haka mutane ke jin ki. Ke kuwa ta hanya biyu kike jin kanki, ta iska da kuma ta ƙashin kai, wanda ke kai girgizar maƙogwaronki kai tsaye zuwa can cikin kunne, kuma ƙashi ya fi kai kakkauran sashen muryar. Waya ta iska kaɗai take ɗauka.

Tunda Malam ya kawo sauti har bakin kunne, bari in shigar da shi ciki, don a ɓangaren kunne nake aiki. Fatar kunne ta waje tattarawa take yi ta zuba a rami mai tsawon wajen santimita biyu da rabi. A ƙarshen ramin dodon kunne yake, tantani ne da faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Turin iska ya sa shi rawa. Bayansa akwai ƙasusuwa uku a jere, ana kiransu guduma da uwar maƙera da likkafa saboda siffarsu. Likkafar ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam, wajen milimita uku. Aikinsu su tattara rawar dodon kunne su danna ta a wata 'yar taga da ta fi shi ƙanƙanta sosai, sai ƙarfin dannawar ya ninku wajen sau 20. Dole a yi haka, don bayan tagar ruwa ne, ruwa kuwa ya fi iska wuyar motsawa.

Ruwan yana cikin wani bututu da ya nannaɗe, siffar katantanwa, kuma a nan ake ainihin ji. A jere a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kansu, wajen 16,000 a kowane kunne. Ruwa ya motsa, gashin ya karkata, ƙwayar ta aika saƙon lantarki ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Na bakin katantanwar su ke kama siririn sauti, na can ƙuryarta kakkaura. Wani masani ɗan ƙasar Hungary, Georg von Békésy, shi ya gano yadda wannan rabon aiki yake, aka ba shi kyautar Nobel a 1961.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne waɗannan ƙwayoyi da su aka haife mu, kuma in ɗaya ta mutu ba ta sake tsirowa. Kaza da sauran tsuntsaye nasu na tsirowa, mu ba a ba mu haka ba. Dodon kunne in ya ɗan fashe sau da yawa yakan haɗe da kansa cikin makonni. Ƙwayoyin gashi kuwa sai dai haƙuri.

Nasiru Mai Inji: Anti, kin sa jikina ya yi sanyi. Ni sana'ata niƙa da markaɗe, tun ina yaro a shagon kawuna. Da can in na tashi aiki kunnena kan yi ta kuka shuuu har in kwanta, tsofaffi su ce ana ambatona ne a wani wuri. Yanzu ƙarar injin ba ta damuna sam, na saba. Sai dai mai ɗakina na cewa sai ta maimaita magana, kuma a cikin taro ina jin ana magana amma ba na rarrabe kalmomin.

Anti Luba Nas: Nasiru, wallahi ba sabo ba ne. Kunne ba ya ƙara ƙarfi don an dame shi. Injin ya daina damunka ne saboda ƙwayoyin da ke jin zafinsa sun ragu. Kukan nan na bayan aiki shi ne gargaɗin, ƙwayoyin ne suka jigata. In sun samu hutu sukan farfaɗo, in ana maimaitawa kullum su mutu. Kuma abin da ka faɗa na taro shi ne alamar da muka fi ji daga bakin masu injina da maƙera da masu walda. Ƙara ta fi fara cin masu kama siririn sauti, baƙaƙe irin su s da sh da ts da f kuwa a nan suke. Wasula kakkaura ne, suna isa. Sai mutum ya ji murya sarai amma kalmar ta zo masa da giɓi. Ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a gwada jinka da na'ura a san inda aka tsaya. Abin da ya rage ana iya tsare shi.

Malam Sani Fiziks: Bari in sa lissafi a kan maganar Anti. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. Raɗa wajen 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60. Ma'aunin yana da yaudara, don ƙarin desibel 3 kacal na nufin ƙarfin ya ninka biyu, ƙarin 10 kuwa ya ninka goma. Hukumar da ke binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 minti 15. Ba sai kana da na'ura ba, Nasiru. In mutum na tsaye a nisan hannu da kai kuma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, kun kai 85 ko kun wuce.

Nasiru Mai Inji: Malam, a shagona sai da hannu ake nuna mudu nawa. To amma ya zan yi? In rufe shago? Da shi nake ci da iyali. Ina dai cusa auduga wani lokaci.

Anti Luba Nas: Ba wanda zai ce ka rufe. Auduga dai kusan ba ta tare komai. Akwai toshen kunne na soso da ake murzawa a sa ya kumbura a ciki, akwai kuma mai rufe kunne gaba ɗaya irin na ma'aikatan kamfani. Nemi wurin masu sayar da kayan aikin gini da na walda. Amma sai ka sa shi duk tsawon aikin, cirewa da mayarwa na ɓata amfaninsa.

Malam Sani Fiziks: Kuma ka rage ta daga tushe. Gyara salansa, canza boris in ya ci, ɗaure duk ƙarfen da ke kaɗawa, sa tsohuwar taya ko roba a ƙarƙashin injin. Ɗaki mai rufin kwano da bangon siminti na maido da ƙara kanka, rumfa a buɗe ta fi. Sannan yaran da ake aikowa markaɗe, don Allah a sa musu benci daga nesa. A fili, duk sanda ka ninka nisanka da inji ƙara na raguwa da desibel 6. Yarinyar da ta koma mita huɗu maimakon mita ɗaya ta rage 12.

Zayyanu Ɗan Jami'a: Mu ɗalibai ma ba mu tsira ba ke nan. Daga gari zuwa Dundaye, inda jami'armu take, iyafis na kunne, kuma saboda ƙarar mota sai an ƙure shi. Wasu da shi suke barci.

Anti Luba Nas: Ku ne ma kuka fi ba ni tsoro, Zayyanu, don Nasiru abinci yake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Shawararta ga babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma a bar ƙarar waya ƙasa da kashi 60 cikin 100. In na kusa da kai na jin abin da kake saurare, ya yi yawa.

Maman Halifa: To tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke cina. Biki a layinmu, a kafa sifiku a tsakar titi har tsakar dare, gilashin taga na rawa, mata da goyo na zaune a gindinsu. Kuma a yi mini afuwa, har wasu wuraren wa'azi haka ne. Ga tsoho mara lafiya a gida, ga jariri, ba mai iya magana don kada a ce ya ƙi addini.

Ustaz Murtala: Hajiya, a rarrabe. Kiran salla an shar'anta shi ne don a ji, kuma 'yan mintoci ne. Ba za a haɗa shi da kiɗan biki ba, kuma ina tsoron irin wannan magana ta zama ƙofa ga masu son a rufe bakin masallatai gaba ɗaya. Amma a kan wa'azi da karatu da ake sakewa unguwa har dare ya raba, ina tare da ke. A Suratu Luƙman, aya ta 19, an yi umarni da sassauta murya, cutar da maƙwabci kuwa ba wanda ya halatta. Ji amana ne. A Suratun Nahli, aya ta 78, Allah ya ambace shi cikin ni'imomin da ya ba mu bayan mun fito daga cikin uwayenmu, ya ma gabatar da shi a kan gani.

Malam Sani Fiziks: Allah ya gafarta Malam, ba mai taɓa kiran salla. Ni roƙona ga kwamitocin masallatai na cikin masallacin ne. Yawancin sababbin gine-ginenmu tayil ne ƙasa da bango, ga silin mai tauri. Sauti na dukan bango ya dawo, in bangon ya kai nisan mita 17 ana jin amsa-kuwwa daban, in bai kai ba sai ya cakuɗe da kalmar da ke biye. Mutane su ce ba sa jin liman, sai a ƙara murɗa amfilifaya, cakuɗewar ta ƙaru. Maganin ƙananan sifiku ne da yawa a rarrabe, kowace a hankali, da darduma mai kauri da labule. Na sahun gaba ya huta, na baya ya ji huɗuba.

Zayyanu Ɗan Jami'a: Ai akwai doka ma. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin kare muhalli a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009. Aiwatarwa ce babu.

Nasiru Mai Inji: In an tashi aiwatarwa kuma da mu talakawa za a fara, mai biki da mai babban janareta ba a taɓa su. Ni na fi yarda mai unguwa ya tara mutane a sa lokacin da za a kashe sifika.

Ustaz Murtala: Wannan ya fi kusa. Amma fa a sa limamai a zaman tun farko, kada a yanke a kawo musu.

Maman Halifa: A sa mata ma, Malam. Mu ke kwana da yaran.

Alhaji Buba Kanwuri: Ɗiyata Luba, ku dakata da batun sifika, ina da abin da ya hi shi damuna. Ina da jika ɗan shekara huɗu. Bazarar da ta wuce ya yi sanƙarau, Allah ya tashi kahwaɗunai. Amma tun da munka dawo gida, in an kira shi ba shi waiwayowa, maganar da yah hwara ma tana raguwa. Wasu sun ce iska ta, wasu sun ce taurin kai na. Mi kinka gani?

Anti Luba Nas: Baba, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan yanke hukunci ban ga yaro ba, amma rasa ji na cikin abubuwan da sanƙarau ya fi bari a baya. Ƙwayar cutar na iya shiga katantanwar kunne ta lalata ƙwayoyin gashin ko jijiyar. Mu nan muna cikin yankin da cutar ke yawan tashi da rani, kowa ya tuna annobar 2017 da ta taɓa Zamfara da Sakkwato da maƙwabta. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa ba da jinkiri ba, don a wasu yaran ƙashi kan fara cike katantanwar bayan ciwon, kuma hakan na rage abin da likita zai iya yi daga baya. Don Allah kada a dake shi a kan taurin kai. Maganar da ke raguwa kuwa dalilinta a fili yake, yaro da kunne yake koyon magana kuma da shi yake riƙe ta. Yawancin waɗanda ake kira bebaye maƙogwaronsu lafiya lau, ji ne babu.

In an gwada aka ga da saura, na'urar ƙara ji na taimakawa sosai. In babu, ba ƙarshen karatunsa ba ne. Akwai maganar hannu, harshe ne cikakke da kurame ke yi a ƙasar Hausa, akwai kuma makarantar masu buƙata ta musamman a cikin garin nan. 'Yan gida su koya tare da shi, kada a bar shi shi kaɗai. Manyan matsaloli akan tura su Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ga sauran iyaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya hana shi. Ƙyanda da hangum na kurmantarwa, ƙyanda da sanƙarau kuwa suna cikin rigakafin da ake yi wa yara kyauta. Ciwon shawara mai tsanani ga jariri sabon haihuwa ma na taɓa ji. Allurar jentamaisin da ake yi barkatai a wasu shagunan magani na iya kashe ƙwayoyin gashin nan, kada a yi ta sai da umarnin likita. Mari a kunne na fasa dodon kunne, don tafin hannu na danna iska cikin ramin lokaci guda. Tsinken ashana da gashin kaza da auduga mai tsinke tura dauɗa ciki suke yi, kunne na fitar da tasa da kansa. Jariri kuwa tun yana ciki, wajen wata na shida, yake fara ji. In ƙofa ta buga bai firgita ba, ko ya kai wata shida ba ya juyowa wajen murya, ko ya doshi shekara ba ya gwalan-gwalan, a kai shi a duba.

Maman Halifa: Anti, Halifa kunnensa na dama na zubar da ruwa duk sanda ya yi mura. Kakarsa na ɗiga masa man zaitun.

Anti Luba Nas: A daina ɗiga komai. Akwai wata 'yar hanya daga bayan hanci zuwa bayan dodon kunne, a yara gajeriya ce kuma a kwance, ta nan mura ke hawa. Ruwan da kike gani na nuna mai yiwuwa dodon kunnen ya huje, abin da aka ɗiga zai wuce ciki. Ki riƙa share na bakin da tsumma mai tsabta, kada ruwan wanka ya shiga, ki kai shi a duba a wannan makon.

Alhaji Buba Kanwuri: Na gode ɗiyata. Na kira uban yaron, gobe in Allah ya kai mu za shi kai shi.

Anti Luba Nas: Madalla, Baba. Su tafi da katin asibitin da aka sallame shi da shi, da sunayen duk alluran da aka yi masa. Uwarsa ma ta bi su, ita za ta fi iya gaya wa likita yaushe ya daina waiwayowa da kuma kalmomin da yake faɗa kafin ciwon.